Damin Gonar Gawo

Shekarar da ɓarin jikin Alhaji Tsoho ya shanye, gero ya yi kyau a gonar gawo. Manu ya gama yanka, ya ɗaure dammuna, ya kwaso su a amalanke. Da ya zo zubawa a rumbu sai ya ware guda, wanda ya fi kowanne cikar zangarniya, ya jingine shi a jikin danga.

Matarsa Ƙande tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta dubi damin, ta dubi mijinta.

"Bana ma, Malam?"

"Bana ma."

Ta ajiye rariya. "Sau nawa Alhaji da bakinsa ya ce ka daina? Ina tsaye ya ce, 'Manu, ka bar kawo min damin nan, igiya kake saƙa wa wuyanka.' Ko ba a gabana ba ne?"

"Faɗa dai yake. In na kai ai karɓa yake, har ya sa a dama masa fura da shi."

A nan wajenmu, ƙauyukan da ke kewaye da Yekuwa, in an ba mutum aron gona, duk kaka yakan ɗauki dami ɗaya ya kai gidan mai ita. Ba haya ba ce, dami ɗaya ba ya ci da gida. Tuni ne kawai, don kada shekaru su tsufa a manta ƙasar ta wa ce. Wanda ya gaji gona, ko ya saya, ko aka ba shi kyauta, ba ya kai wa kowa komai sai zakka.

Manu kuwa ba aro aka ba shi ba. Abin da shi da Ƙande suka sani ke nan.

Yana saurayi ya gangaro daga arewa, shekarar da fari ya ƙarar da shanun ubansa. Alhaji Tsoho ya tsince shi a kasuwa, ya kawo shi gida. Tun daga ranar shi ne noman gandu, shi ne ban ruwan dabbobi a rijiya, shi ne jan amalanke zuwa kasuwa. Ba a taɓa yanka masa lada ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya ci, ya sha, an yi masa sutura, da lokaci ya yi aka aura masa Ƙande. A damunar auren ne Alhaji ya kai shi gonar gawo a gaban mutum biyu ya ce ya ba shi. Da kaka ta yi, Manu ya rasa yadda zai yi godiya, sai ya ɗauki dami ya kai. Shekara ta zagayo, ya ga in bai kai ba kamar ya janye godiyar. Haka abin ya zauna, har furfura ta cika masa gemu. Gonar nan ita kaɗai ce abin da yake da shi a duniya, ita ke ci da shi da Ƙande da 'ya'yansu mata da ba su kai aure ba.

"Alhaji ya ce ku je wurin mai gari a yi takarda, a kai meri, ofishin hukuma, a buga hatimi," in ji Ƙande. "Ka ce bari a gama kaka. Kaka nawa aka gama?"

"Da wane baki zan tasa dattijo gaba in ce zo ka rubuta min kafin ka mutu?"

"Da bakin da kake cin tuwo."

Manu ya juya mata baya. Ya shiga rumbu ya ci gaba da jera dammuna.

Da hantsi Zuwaira ta yi sallama. 'Yar Alhaji ce, mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta dawo gidan ubanta, kuma ita ce ke jinyarsa. Ba ta ko zauna ba. Ta ga damin a jikin danga, ta riƙe baki.

"Yaya Manu, don Allah kada ka kawo shi bana."

"Lafiya?"

"Yaya Faruku ya je wurin Liman jiya. Ina kai wa matar Liman aron turmi na ji shi yana tambaya: in mutum yana kai dami duk shekara, aro ke nan ko kyauta?"

Faruku shi ne babban ɗan Alhaji. A kafaɗar Manu ya girma. Ya tafi Aljeriya neman abin kansa, aka kore su shi da sauran baƙi, aka kwaso su a kamyo, babbar mota, aka zube a Agadas, ya iso gida da rigar da ke wuyansa, ya tarar da iyali sun ƙaru, gandu kuwa yana nan yadda ya bar shi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya zauna ya dubi bakunan gidansa, ya dubi ƙasar da za ta zo hannunsa, ya ga ba za su haɗu ba.

"Me Liman ya ce?" Ƙande ta tambaya.

"Ya ce a al'ada dai aro ne."

"Ka ji ko, Malam?"

Manu ya fito daga rumbu, ƙaiƙayi a gemunsa. Ya daɗe yana kakkaɓe hannu.

"Zuwaira, har yanzu shimfiɗar Baba tana duban ƙofa?"

"Tana duba."

"Yana gane mai shigowa?"

"Sarai. Bakin ne dai ya tafi."

"To, ya san kaka ta yi. Yana jin sussuka a gari. Duk shekarun da yake kan ƙafafunsa na kai. Shekarar da ya faɗi, ita ce zan ƙi? Me zai ce a ransa?"

"Zai ce ka yi hankali," in ji Ƙande.

"Zai ce Manu jira yake in kwanta."

Bayan la'asar ya aza damin a ka. Da ma a ka yake kaiwa, ba ya sa shi a amalanke, kuma ta tsakiyar gari hanyar take.

A ƙofar gidan Alhaji akwai mutane zaune a tabarma, waɗanda suka zo dubiya. Cikinsu har da tsoho Zakariya'u, Babarbare, abokin wasan Manu tun zuwansa garin.

"Ga bawana nan tafe," in ji Zakariya'u. "Kai Bafillace, gidan ubangijinka can baya ka wuce, juya ka kai min."

"Babarbare da gero? Ai kanwa ce abincinku."

Aka yi dariya. Faruku ya miƙe tsaye, ya taryi Manu hannu biyu, ya ɗaga murya fiye da yadda gaisuwa take bukata.

"Sannu da ƙoƙari, Baba Manu. Jama'a, kun ga mai riƙon amana. Damin gonar gawo ne, bai taɓa fashi ba. Ko ba haka ba, Baba Zakariya'u?"

Dariya ta bar fuskar Zakariya'u. Ya ce, "Uhm," ya shiga neman goro a aljihu.

Manu ya wuce ciki. Ya sauke damin a bakin ƙofar ɗakin, inda mai kwance zai gani, ya durƙusa.

"Baba, barka da kaka. Allah ya ba da albarka bana."

Idon Alhaji ya tsaya a kan damin. Hannun da ke motsi ya fara dukan tabarma. Bakin ya karkace, yawu ya zubo, kalmar da ta rage masa ta fito.

"A'a. A'a. A'a."

"Haka yake yi," in ji Faruku daga baya. "Ko fura aka kawo a'a ce. Ko likita ne a'a ce."

Zuwaira ta goge wa uban baki da gefen zanenta. Ba ta dubi kowa ba. Manu ya kama hannun mai dukan tabarma ya riƙe, har ya daina.

Alhaji Tsoho ya rasu cikin sanyi. Manu ne ya haƙa kabarin. Bayan an share makoki ya koma abin da ya saba yi da rani: kullum da safe ya cika amalanke da taki, ya kai gonar gawo, ya zuba tsibi-tsibi don damuna mai zuwa. Ƙande ta ce ya dakata a ga yadda rabo zai kaya. Ya ce ƙasa ba ta san da rabo ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a ƙofar gidan mai gari. Maza a tabarmi, mata a bayan danga. Magada uku ne: Faruku, da ƙaninsa Nafi'u mai kabu-kabu a Dungas, da Zuwaira. Gida da dabbobi da gandu ba su ɗauki lokaci ba. Sai Faruku ya ce saura gonar gawo.

"Ranka ya daɗe, aro ce a hannun Baba Manu. Duk garin nan babu wanda bai ga dami a kansa ba."

Mai gari ya juya. "Manu, ka ji. Me ka ce?"

Sai da aka ce ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, Baba ya ba ni."

"A gaban wa?"

Mutum biyun da aka yi a gabansu, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayan Zakariya'u ne. Ya gyara zama, ya tofar da goro.

"Da kunnena na ji. Muna tsaye a gindin babban gawo, marigayi ya nuna gabas ya nuna yamma, ya ce, 'Manu, ka yi min bauta ba ka taɓa cewa kai ba. Wannan na ba ka, halak malak.' In ƙarya nake kada in kai gida."

Aka yi gunaguni. Bayan danga wata ta ce alhamdulillahi. Liman ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son ɓata wa kowa, amma ba ya tsallake tambaya.

"Malam Zakariya'u, kyauta baki biyu gare ta, na mai bayarwa da na mai karɓa. Shi Manu me ya ce?"

"Allah gafarta Malam, Bafillace ai ba ya magana, sai dai ya yi kukan shanu."

Babu wanda ya yi dariya.

"Me ya ce?"

Zakariya'u ya dubi Manu, ya dubi ƙasa. "Abin da kowane ɗan mutunci zai ce mana. Ya durƙusa ya ce, 'A'a Baba, ni da gonar duk naka ne. Ni dai in noma.' Amma Allah gafarta Malam, kunya ce! Kai in aka miƙo maka riga ba ka fara cewa a bar ta ba?"

"Ina cewa. Amma daga baya sai in sa hannu in karɓa, a gani."

"Ai ya noma ta!"

"Mai aro ma yana noma. Abin da ke raba su shi ne dami. Shi kuwa ya kai."

Nan muryar Zuwaira ta fito daga bayan danga. Ta ce ita ta sha jin mahaifinta yana hana Manu kawowa, yana cewa mutane za su zaci aro ne. Faruku ya waiga da sauri, amma Liman ya riga shi.

"Zuwaira, ki saurare ni da kyau, don kada ki ce ba a gaya miki ba. Ke magajiya ce. Maganarki ba za ta cire gonar daga hannun 'yan'uwanki ba. Amma tana hawa kanki. In kin tabbatar a gaban jama'a cewa kyauta ce ubanki ya yi, rabonki na cikinta ya fita daga hannunki, ya zama na Manu. Kin tabbatar?"

Kowa ya juya wajen danga. Ana jin ƙaramin marayanta yana tari a bayanta.

"Na ji dai yana cewa ya daina kawowa," ta ce a hankali. "Iyakar abin da na ji ke nan."

Manu bai waiga ba.

Ƙande ce ta kasa haƙuri. Ta zagayo danga ta tsaya a fili, abin da mata ba sa yi a wurin.

"Ranka ya daɗe, a yi min afuwa. In gonar ba kyauta ba ce, ina ladansa? Tun ba shi da gemu yake noma gandun nan. Rijiyar gidan shi ya yashe ta. Shi wannan Faruku, wa ya goya shi zuwa lakwal karatun boko in ruwa ya cika hanya?"

"An yanka masa lada tun farko?" Liman ya tambaya.

"Wa ke yanka lada da ubansa?" in ji Manu, kamar da kansa yake.

"Inna Ƙande," in ji Faruku, muryarsa ta sauka, "ban ce bai yi ba. Amma ya ci, ya sha, an yi masa aure. Ba ɗan ƙodago ba ne, ɗan gida ne."

"To madalla. In ɗan gida ne a ba shi gado."

"Ba ya gado," in ji Liman. "Babu jini."

"Wato ranar noma ɗa ne, ranar rabo bare."

Mai gari ya ce ta koma wurin mata. Ta koma, amma ba ta zauna ba.

Liman ya yi ajiyar zuciya. Ya ce da marigayi ya yi wasiyya, ko da baki ne a gaban shaidu, da an fitar wa Manu daga sulusin dukiya, babu mai iya hanawa. Bai yi ba, wataƙila don a ganinsa ya riga ya bayar. Yanzu hanya ɗaya ta rage: akwai shaida guda, in Manu ya haɗa da rantsuwa, gona tasa ce.

Aka aika a ɗauko Alƙur'ani. Manu ya je ya yi alwala, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa. Mutane suka ja da baya kaɗan, yadda ake yi in an kawo Littafi.

"Ga abin da za ka rantse a kai," in ji Liman. "Cewa ya ba ka. Cewa ka karɓa, ka riƙe ta a matsayin taka, ba tasa ba. Cewa damin da kake kaiwa ba na aro ba ne."

Manu ya miƙa hannu. Ya tsaya bai kai ba.

"Ya ba ni, wannan zan rantse."

"Duka za ka haɗa."

"Allah gafarta Malam, ranar da ya ba ni na sani. Ranar da na karɓa ce nake nema, ban gan ta ba. Abin da na gaya masa a gindin gawo, har zuciyata na faɗa. Muddin yana numfashi ban taɓa cewa a raina wani abu nawa ne ba."

"Kai Bafillacen banza, rantse mana!" Zakariya'u ya daka tsawa, hawaye a idonsa. "Gaskiyarka ce! Ɗora hannu!"

"In na ɗora, kai za ka kwanta min a kabari?"

Ya janye hannun, ya sa a cinya. Liman ya jira shi, ya ƙara jira. Daga bisani ya naɗe Littafin a cikin gafakarsa.

Mai gari ya ce gonar gawo ta koma cikin gado. Ya ce in Manu bai yarda ba, ƙofar sarki a buɗe take, jastis ma, kotun gwamnati, tana nan a Magarya. Manu ya ce shi ba zai tsaya da 'ya'yan Baba a gaban alƙali ba. A hanyar gida Ƙande tana gaba yana baya.

Ranar da aka sa, da safe, aka fita awo. Kashi biyar za a yi: bibbiyu na maza, ɗaya na Zuwaira. Tsibin takin da Manu ya zuba suna nan jere, kaji sun fara tona su. Aka warware igiya. Nafi'u ya riƙe baki ɗaya, aka rasa mai riƙe ɗayan. Faruku ya waiga, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Baba Manu, kama can."

Da ya ji abin da ya faɗa sai ya sunkuyar da kai. Amma Manu ya riga ya tafi. Ya kama bakin igiya, ya ja ta har ta miƙe, ya danne da ƙafa inda aka ce. Aka kafa turke, aka ce ya matsa, ya matsa. Haka har aka kai iyaka. Babban gawo ya faɗa a rabon Faruku. Na Zuwaira ya zo can gabas inda rairayi ya fi yawa, siriri, mai tsawo, kamar zanen da aka yage.

Da mutane suka fara watsewa, Zuwaira ta zo inda Ƙande take tsaye a bakin gona. Manu yana naɗe igiya a gwiwar hannu.

"Yaya Manu," ta ce, ba ta iya haɗa ido da shi ba. "Nawa ɗin nan, ka noma shi. Ni ba ni da mai noma min yanzu, yaran ba su kai ba. Na san ba zai ishe ku ba, amma ya fi babu."

"Allah ya saka da alheri," in ji Manu. "Allah ya raya—"

"Tsaya, Malam." Ƙande ta matso. Ta ɗaga murya ta kira Zakariya'u da Liman, waɗanda ba su yi nisa ba, ta jira har suka dawo. Sannan ta juya.

"Zuwaira, ga mutum biyu. Faɗa a gabansu, a ji da kyau. Aro ko kyauta?"

Zuwaira ta dubi siririyar ƙasar tun daga turke har iyaka. Ta gyara goyon da ke bayanta.

"Aro," ta ce.